Haɗa amfilifayar bawul da hannu a Legas: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da samarinmu masu gyaran rediyo da waya a Agege, Idi-Araba da Alaba Rago suka fi yi mini game da amfilifaya mai bawul, wato mai 'yan kwalaben nan da ke yin ja idan sun ɗau zafi. Na amsa wasu a taƙaice, wasu kuwa na daɗe a kansu, don a nan ne ake rasa kuɗi ko a rasa rai.

Malam, mene ne bawul, kuma me zai mai da mutum baya a zamanin Bluetooth?

Bawul kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta tas. A ciki akwai hita da ke gasa wani ƙarfe da ake kira katod har ya fara sakin lantarki, akwai faranti da ke janyo shi da wuta mai ƙarfi, sai raga a tsakaninsu. 'Yar siginar da ta fito daga wayarka ana ɗora ta a kan ragar, ita kuma ta riƙa buɗe hanya tana rufewa, sai ƙaramin motsi ya zama babba. John Ambrose Fleming ne ya yi mai ƙafa biyu a Ingila a 1904, Lee de Forest ya ƙara ragar a Amurka a 1906. Taransisto ya zo a 1947, ya ɗau kusan shekara ashirin kafin ya kori bawul daga rediyon gida.

Batun dalili kuwa, ba zan yaudare ka ba. Ba ta fi ƙara ba, ba ta fi araha ba, kuma tana shan wuta. Abin da ke cikinta shi ne murya mai taushi, idan aka matsa mata ba ta tsagewa da kaifi irin na taransisto. Sannan komai a fili yake: rezisto goma sha wani abu, kafasita kaɗan, waya a bayyane. Ka bi da ido ka san inda wuta ta shiga da inda ta fita. Wanda ya gaji da cire allo ya sa allo a gyaran waya ba tare da ya san abin da ya mutu ba, a nan zai koyi lantarki da gaske.

Ana cewa wutar cikinta tana kisa. Ba tsoratarwa ba ce?

Ba tsoratarwa ba ce. Ƙaramar amfilifaya mai wat 5 tana aiki da bolt 250 zuwa 350. Manya masu bawul irin EL34 ko 6L6 suna kai 450 zuwa 500. Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki: wajen miliamfiya 10 hannu yakan ƙi sakin abin da ya riƙe, daga 50 zuwa 100 kuma idan ta bi ta ƙirji tana iya hargitsa bugun zuciya. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, amma jiƙaƙƙiya tana iya sauka zuwa om 1,000. Raba 300 da 1,000, ka samu miliamfiya 300. A garin nan kuwa yaushe fatar mutum take bushewa? Shago ba fanka, gumi har gwiwar hannu, daɓen siminti na tsattsafo da damina.

Saboda haka ga yadda ake aiki. Hannu ɗaya a aljihu ko a bayanka duk lokacin da wuta take ciki, don kada ta shiga ta wannan hannu ta fita ta wancan. Ka maƙala baƙar wayar mita a jikin akwatin da ɗan maƙali tun kafin ka kunna, ka riƙa taɓawa da jar kaɗai. Cire zoben azurfa da agogon ƙarfe. Naɗe hannun kaftani. Idan daga alwala ka dawo, ka goge hannu ka ɗan jira, ruwan da ke tsakanin yatsu ya isa. Takalmin roba a ƙafa, busasshen katako a ƙarƙashin kujera. Kada ka yi aiki kai kaɗai da tsakar dare, kuma wanda ke shagon ya san inda makunni yake.

Idan tsautsayi ya faɗa wa wani, Allah Ya kiyaye, kada ka kama shi da hannu. Kashe wuta ko ka ture shi da busasshen katako. Idan ba ya numfashi a fara danna ƙirji, a kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na jihar Legas. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba zuciya.

Na kashe na zare filogi. Yanzu ai sai in sa hannu?

A'a. Kafasita kamar randa take, an rufe famfo amma ruwan yana nan. Kafasita mai mikrofarad 100 da aka cika zuwa bolt 400 tana riƙe da jul 8, ya isa ya wurgar da kai daga kujera, kuma idan babu hanyar da zai zube yana iya kwana a ciki.

Abu biyu za ka yi. Na farko, tun wajen haɗawa ka liƙa rezisto mai kilo-om 220, wat 2, daga kan babbar kafasita zuwa ƙasa, ya zauna can har abada. Da mikrofarad 100, cikin kamar minti biyu ya zubar da kusan duka. Na biyu, ka yi wa kanka sandar zubarwa: rezisto mai kilo-om 10, wat 5, da waya mai kaurin roba da maƙali a gefe ɗaya. Maƙala a jikin akwati, taɓa kan kafasita na daƙiƙa ashirin, sannan ka auna da mita. Sai ka ga ƙasa da bolt 10 hannu zai shiga. Rezistan farko yana iya yankewa ba ka sani ba, shi ya sa awon ba ya faɗuwa a kanka.

Al'adar nan ta haɗa ƙafafun kafasita da sukudireba a ji tau, a bar wa fankar silin. A nan tana cin bakin sukudireban, tana raunana kafasitar, wani lokaci narkakken ƙarfe ya fallatso ido.

Da wace zan fara?

Da mai bawul EL84 guda ɗaya da ƙaramin bawul 12AX7 a gabanta. Tana ba da wajen wat 5, kayanta kaɗan ne, kuma da rezisto ɗaya a katod take daidaita kanta. Zanenta ya cika intanet. Kamfanin Mullard ya fitar da irin wannan tsari tun shekarun 1950 da sunan 3-3, da EF86 a gaba, Fender kuma ya yi Champ ta masu jita da 12AX7 da 6V6. Idan ka samu ECL86 daga tsohuwar rediyo, bawul biyu ne a kwalba ɗaya, ita kaɗai ta isa ƙaramar amfilifaya.

Kada ka fara da mai wat 50. Kuɗin taransifomarta kaɗai zai sa ka jingine aikin.

A ina zan samu kaya a Legas?

Rezisto, dayod 1N4007, makunni, fis, dalma da mita duk suna nan a kasuwar Alaba International da ke Ojo, da Computer Village a Ikeja, da Oshodi. Kafasita mai bolt 400 ko 450 ba ta wuya, don ita ce a cikin wutar talabijin da kwamfuta da inbata. Amma ka auna kafin ka yarda da rubutun jikinta. Akwai wadda za ka ɗaga ka ji ta sakayau, an sa ƙarama a cikin babban gwangwani.

Bawul ɗin kansa shi ne aiki. Sababbi har yau ana yin su: JJ a ƙasar Sulobakiya, masana'antar Saratov a Rasha da ke yin Sovtek da Electro-Harmonix, da masana'antun Sin. Masu sayar da kayan kiɗa na coci a Alaba kan ajiye 12AX7 da EL84 saboda masu jita, ko ka yi oda daga waje. Na tsohuwar Tarayyar Sobiyat sun fi sauƙin kuɗi. 6P14P tana shiga mazaunin EL84 kai tsaye. 6N2P kuwa tana kama da 12AX7 a aiki, amma hitarta bolt 6.3 ce a ƙafa ta 4 da ta 5, ƙafa ta 9 kuma garkuwa ce, don haka sai an sauya wayarin.

Hanya mafi daɗi ita ce ta 'yan uwanmu 'yan gwangwan. Su ne ke shiga lungunan Ebute Metta da Surulere da baro, su ne tsofaffin rediyon Grundig da Philips da Pye ke faɗowa hannunsu idan an share ɗakin wani tsoho. Su tagulla suke nema, taransifomar za su fasa, kwalaben su zubar. Ka nuna wa biyu ko uku hoton abin a wayarka, ka ce kada su fasa, za ka biya fiye da kuɗin kilo. Rediyo ɗaya tana iya ba ka bawul, mazauninsu da taransifoma biyu da suka dace da juna.

Me ya sa kowa ke kuka da taransifomar fita?

Don ita ce ke tsakanin bawul da sifika, ita ce rabin amfilifayar, kuma ita ce ba a samu a kan tebur. EL84 tana son ta ga nauyin wajen om 5,000, sifikarka kuwa om 8 ce. Raba 5,000 da 8, ka samu 625, tushensa 25. Wato kowane zagaye 25 na waya a gefen bawul, zagaye 1 a gefen sifika.

Nan ne masu wayo ke cewa ai taransifomar 230 zuwa 9 ma kusan 25 ce. Haka ne, kuma za ta yi magana. Sai dai a amfilifaya mai bawul ɗaya akwai wuta miƙaƙƙiya ta kusan miliamfiya 50 da ke bi ta cikinta kullum, ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu tun kafin kiɗa ya zo. Sakamakon: ganga ba nauyi, murya a shaƙe. Haka ma 'yar taransifomar da ke cikin sifikar ƙaho ta masallaci mai layin bolt 100. Ƙafarta ta wat 2 daidai om 5,000 take, ta fi waccan fitar da siririyar murya, amma ita ma ƙarfenta a saƙe yake ba giɓi, haka zai ƙoshi.

Maganin shi ne giɓi. Zare ƙarafan duka, jera masu siffar E gefe guda, masu siffar I gefe guda, ka sa takarda mai kaurin kamar milimita 0.1 a tsakaninsu, ka ɗaure tam. Ƙarfen farko ne ke wahalar fita saboda banish, sai da siririyar wuƙa da haƙuri.

Idan kana son ta gaske, je wurin masu naɗin koyil, waɗanda ke rewayar fanka da sitabilaiza da injin jan ruwa. Sun iya aikin, amma ba su saba da wannan ba, don haka da takarda za ka je. Ƙarfe mai tsakiyar santimita murabba'i 6 zuwa 7. Gefen bawul zagaye 2,500 na waya mai milimita 0.16 ko kusa, gefen sifika zagaye 100 na milimita 0.8. A naɗa rabin na farko, a sa takarda mai kyau, a naɗa na sifika, a sake takarda, a ƙarasa sauran rabin. Wannan raba naɗin shi ke fito da siririyar murya. Ka tsaya a kansa lokacin haɗa ƙarfen, don hannunsa ya saba saƙawa ɗaya nan ɗaya can, kuma zai ɗauka kuskure ka yi a takardar.

Dokar da ba ta da togaciya: ba a kunna amfilifayar bawul babu sifika a jone. Taransifomar takan yi tsalle da dubban bolt ta huda naɗinta. Idan ba ka son ƙara lokacin gwaji, sa rezisto mai om 8, wat 10.

Ba ni da taransifomar wuta. In ɗauko kai tsaye daga soket, ko in yi amfani da ta na'urar ɗumama abinci?

Duka biyun a'a. Bolt 230 na soket idan ya bi ta dayod da kafasita yana zama kusan 325, lissafi ya yi daidai, shi ya sa abin ke jan hankali. Amma babu abin da ya raba ka da layin NEPA. Idan aka juya waya a soket, abin da ba baƙo ba ne a gidajen haya na garin nan, jikin akwatin da wayar da ka jona wa salularka duk sun zama wuta. Tsofaffin rediyon da sunan bawul ɗinsu ya fara da U, irin UL84, da yawansu haka aka yi su, a kula.

Ta na'urar ɗumama abinci kuwa kusan bolt 2,000 take fitarwa, da ƙarfin da ba ya barin mutum ya yi kuskure na biyu. Ko mitarka ba za ta iya auna ta ba. Ba ta da gurbi a wannan aiki.

Dabarar da ta halatta ita ce taransifoma biyu baya da baya. Ta farko 230 zuwa 12 mai amfiya 5, ta biyu mai amfiya 3 a juye, 12 ɗinta ya haɗu da 12 na farko, ta mayar maka da kusan 230 wanda ya rabu da layi. Bayan dayod, idan bawul ya fara ja, za ka samu tsakanin 250 da 290, daidai abincin EL84. Daga bolt 12 na tsakiya 12AX7 za ta ci hitarta ta ƙafa 4 da 5. EL84 tana son 6.3 da amfiya 0.76, to idan biyu ne, na dama da na hagu, jera hitocinsu a layi ɗaya su raba 12 ɗin.

Wutar Legas ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ya zan yi da janareta da inbata?

Ko kana hannun Ikeja Electric a Agege ko hannun Eko a Ojo, a takarda 230 ne, a mita kuwa sai abin da ka gani. Duk abin da ya hau a soket yana hawa a ciki ma. Idan layi ya kai 250, bolt 325 ya zama 353, hita kuma ta tashi daga 6.3 zuwa kusan 6.9. Hita tana son a tsaya mata cikin kashi 5 bisa ɗari, yawan zafi yana rage mata kwana. Don haka kafasita ta zama mai 450, ba 350 ba, kuma ka sa sitabilaiza a gaba. Mai rile za ka riƙa jin ƙas a sifika duk lokacin da ya sauya, wannan ba laifin aikinka ba ne.

Ƙaramin janareta yana hawa da sauka da nauyin da aka ɗora masa, idan maƙwabci ya zare ayan guga wuta ta yi sama. Inbata mai araha da ba ta fitar da wuta mai santsi tana sa taransifoma ƙugi da zafi, ƙugin kuma ya fito a sifika. Idan an ɗauke wuta, kashe makunni nan take. Dawowarta bayan daƙiƙa kaɗan a kan bawul mai zafi ita ta fi ɓarna.

Sai wayar ƙasa. Filogi mai ƙafa uku, wayar ta uku a ɗaure da kusoshi a jikin akwatin ƙarfe, ba da dalma ba. Gidaje da yawa ramin na uku a soket ado ne kawai. Ka sa mai wayarin ya duba, in babu a kafa sandar tagulla, a kuma sa wa teburin aikinka abin yanke wuta mai miliamfiya 30. Fis na cikin amfilifayar ya zama mai jinkiri, rabin amfiya zuwa 1. Wanda ya naɗe fis da takardar sigari ya sayar da taransifomarsa.

Na gama haɗawa. Ya ake kunnawar farko?

Da kwan fitila. Nemi tsohon kwai mai zare a ciki, wat 60, ba na zamani mai tsimin wuta ba. Sun yi ƙaranci, amma masu kiwon kaji suna saye don ɗumama 'yan tsaki, ka tambaya a wajensu. Jona shi a layi ɗaya da amfilifayar, wutar ta bi ta cikinsa kafin ta shiga. Idan komai lafiya, zai yi haske farat ɗaya lokacin da kafasita ke cika, ya dushe, ya ɗan ƙaru kaɗan idan bawul ya ɗau zafi. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda waya ta haɗe, kuma kwan ya shanye wutar maimakon taransifomarka.

Fara ba bawul a ciki. Auna hita, auna babbar wuta, wato wadda ke zuwa faranti, kashe, zubar, auna. Sannan ka sa bawul da sifika. Ƙafafun ana ƙirga su ne daga ƙasa, daga giɓin nan, bi da bi yadda hannun agogo ke tafiya. Rabin amfilifayar da ake kawo mini wai ta ƙi magana, daga sama aka ƙirga.

Wane awo ya kamata in gani?

A EL84, ƙafa ta 7 faranti ce, ta 9 raga ta biyu, duka wajen 250. Ƙafa ta 3 katod, wajen bolt 7 a kan rezisto mai om 135 zuwa 150. Ƙafa ta 2 sifili. Raba awon katod da rezistan ka san abin da take ja: 7.3 a kan 135 ya ba da miliamfiya 54, kusan 48 na faranti ne. Ninka 48 da 250, wat 12, iyakar abin da farantin EL84 ke ɗauka ke nan. Da wutarmu mai hawa ba sallama, ni na fi son om 150 ko 180, a rasa ɗan ƙara a samu kwana.

A 12AX7 mai rezisto kilo-om 100 a faranti da 1.5 a katod, katod bolt 1 zuwa 1.5, faranti tsakanin 140 da 190. Idan faranti ya yi daidai da babbar wuta, bawul ba ya ja. Idan sifili ne, rezistan ya yanke. Ƙananan rezisto na kwata wat bolt 250 ne iyakarsu, ko ba su yi zafi ba, don haka a layin babbar wuta sa na wat 1 ko 2.

Tana gurnani ko ba kiɗa. Daga ina?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma saurare ake fara yi kafin a taɓa komai. Yaushe gurnanin ke farawa? Idan da ka danna makunni ne, kafin bawul ya yi zafi, to taransifomar wuta ce ke hura wa ta fita maganaɗisu. Nisanta su, ka juya ɗaya ta ba ɗaya kafaɗa, ƙarafansu kada su kalli gefe guda.

Idan sai ta yi zafi, sai a bambance muryar. Akwai manhajojin waya da ke nuna yawan kaɗawar sauti. Mai 100 a daƙiƙa daga tacewar wuta yake, kafasita ta yi kaɗan ko ta bushe. Amfilifaya mai bawul ɗaya ba ta yafe wannan. Sa mikrofarad 47, sai rezisto om 470 wat 5, sai mikrofarad 100. Tsohon cok na doguwar fitila yana iya zama a madadin rezistan. Mai 50, wanda ya fi kauri, yawanci hita ce ko hanyar ƙasa. Murɗa wayoyin hita biyun tam kamar yadda ake tufka, ka kwantar da su a kusurwar akwati nesa da raga. Idan naɗin hitar ba shi da tsakiya, sa rezisto biyu masu om 100, ɗaya daga kowace waya zuwa ƙasa. Wayoyin ƙasa kuwa kada a liƙa su ko'ina aka ga dama. Na babbar kafasita a wuri ɗaya, na mashigar sigina a ƙarshen layi, duka su sadu da akwati a waje guda.

Gwaji mai sauri: kashe, zare 12AX7, kunna. Idan gurnani ya tafi, a gaba yake. Mayar da ita ka haɗe mashiga da ƙasa. Idan ya tafi, amfilifayarka lafiya lau, igiyar ce ko cajar da ke jikin wayarka. Cajar ɗari biyar ta bakin titi ta sa mutane da yawa sun warware aikin da ba shi da laifi.

Farantin ya yi ja kamar garwashi.

Kashe yanzu. Hita ce kaɗai ya kamata ta yi ja, ita ma a can tsakiya. Mafi yawan lokaci kafasitar da ke tsakanin 12AX7 da ragar EL84 ce ke yoyo, sai ka ga bolt a ƙafa ta 2 inda ya kamata a ga sifili. Sauya ta da mai bolt 630. A tsohuwar rediyo kada ma ka auna, duk kafasitar takarda mai kakin zuma a jiki ka cire. In ba ita ba ce, duba kafasitar katod ko ta haɗe, ko rezistan da ke kai raga ƙasa ko ya yanke.

Tana fito, wani lokaci kuma fat-fat-fat.

Fito mai tsanani da zarar ta yi zafi, a amfilifaya mai wayar da ke komawa daga sifika zuwa gaba, juyin waya ne. Musanya wayoyi biyu na gefen bawul a taransifomar fita. Idan ba haka ba, liƙa rezisto mai kilo-om 1 zuwa 5 a kan ƙafar raga, a jikin mazaunin ba nesa ba, ka raba wayar faranti da ta mashiga. Fat-fat kuwa kafasitar da ke ciyar da 12AX7 ce ta gaza. Idan ka ƙwanƙwasa bawul da fensir ka ji ƙararrawa a sifika, cikinsa ya saki, sauya shi.

Da rani lafiya, da damina sai ƙaraf-ƙaraf.

Laima ce da gishirin teku, musamman ga na Ajah, Apapa da Ojo. Ƙafafun bawul da mazauninsu suna yin tsatsa kore. Zare, goge da sifirit da tsohon buroshin haƙori, sa ka cire sau da yawa. Ƙura da ta sha laima tana zama hanya tsakanin ƙafa biyu, wuta ta riƙa tsallakawa har ta bar baƙin layi. Mazaunin da ya yi wannan layi ya gama, gawayi ne, a sa na tangaran. Daga Afrilu zuwa Yuli ka riƙa kunna ta ko rabin awa ne a mako, zafinta yana korar laimar. Ka rufe ƙasan akwatin da raga saboda kyankyasai, amma sama a bar wa iska hanya, kwalbar EL84 tana iya kai digiri 200.

Za ta ja sifikar masallacinmu ko ta wa'azi?

Kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Tana shan wat 30 zuwa 40 ta ba ka 5, tana buƙatar rabin minti kafin ta yi magana, ba ta aiki da batirin mota, kuma ladan zai zare wayar sifika wata rana tana kunne. Ku sayi irin su Ahuja da aka yi don wannan, ko allon TPA3116 mai wat 50 kowane gefe. Ku kuma tuna LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, tana rufe wuraren ibada kan ƙara.

A ɗaki kuwa wat 5 ba kaɗan ba ne. Sai an ninka wat sau goma kunne ke jin ƙara ta ninku sau biyu. Da tsohuwar sifika mai faɗi da takarda marar nauyi, karatun Alƙur'ani ko garaya za su cika falo har a ce ka rage.

Na samu tokumbo daga Amurka. In jona?

Duba bayanta tukuna. Ta Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, sai da taransifomar ragewa. Ta Amurka kuma an naɗa ta ne don kaɗawa 60, tamu 50 ce, za ta fi zafi, a ba ta iska. Wadda ta yi shekaru a ajiye kada a ba ta wuta gaba ɗaya, ta kwan fitila za a tashe ta, kuma a sauya mata igiya zuwa mai ƙafa uku.

Ina ganin shuɗin haske a jikin kwalbar, wata kuma kanta ya yi fari.

Shuɗi a jikin gilashi ba komai ba ne, lafiyayyun bawul da yawa suna yi. Ruwan hoda ko shunayya a can tsakanin ƙarafan ciki iska ce ta fara shiga, cire shi. Tabon azurfa da ke saman kwalbar shi ke shanye ragowar iska. Muddin yana sheƙi, ko ya yi duhu, bawul a rufe yake. Idan ya koma fari kamar alli, gilashin ya tsage, yawanci a gindin ƙafa wajen wanda ya murɗa da ƙarfi lokacin zarewa. Wannan kada ka saya ko a kyauta ne. Wajen zarewa kuma a jira ya huce, a kama shi a riƙa ɗan kaɗawa a hankali ana ja sama.